Santimita Shida

Yayana ya kira ni da daren wata Talata, bayan sallar isha'i, ya ce ranar Alhamis zai shigo Kano daga Zariya, kuma zai kwana uku. Wani kamfanin robobi ne da ke Sharaɗa ya aika masa, babban injinsu ya tsaya kusan mako guda, masu gyara biyu sun gwada sun kasa. Ya ce, "Auta, ka samo mini masauki kusa da wurin aikin. Ka dai san sharaɗina." Na ce na sani. A raina kuwa na ɗauka aikin sa'a biyu ne, domin garin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana saukar da fatake ba zai rasa ɗakin da mutum ɗaya zai kwana ba.

Yaya ya yi shekara goma sha tara yana aikin gyaran injuna a masana'antun Kano. Ya fara ne a wata masaƙa da ke Bompai yana saurayi, da ta durƙushe kamar yadda 'yan uwanta suka durƙushe, ya koma wata majema a Challawa. Haɗarin mota ne a hanyar Zariya ya taɓa masa laka. Ya yi watanni a Asibitin Ƙashi na Dala, ya fito a kan keken guragu, kuma a kansa yake har yau. Hannuwansa lafiya lau, kunnensa ma haka, kuma da kunnen nan yake cin abinci, domin yana iya jin ciwon inji tun kafin a kwance masa ƙusa ɗaya. Shi ya sa har yanzu ake nemansa.

Dole in faɗi abin da ya sa maganar otal ta taso tun farko, ko da yake faɗinsa ba ya yi mini daɗi. A al'adarmu abin kunya ne wanka uwa ɗaya uba ɗaya ya zo garin da kake, ka kai shi gidan saukar baƙi. To amma ni a saman bene nake haya, matakala ashirin da biyu, mai lanƙwasa a tsakiya. Na kama gidan ne shekara biyu bayan haɗarin. Na duba ruwa, na duba wuta, na tambayi halin maƙwabta, na auna nisan makarantar yara. Ban tuna da Yaya ba sai ranar da ya zo yi mana barka da tarewa, muka gaisa a cikin mota, matata ta sauko masa da abinci a kwano. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ma ban taɓa tayarwa ba.

Da safiyar Laraba na ari tef ɗin awo a wurin wani tela, na rubuta lamba ɗaya a tafin hannuna: 66. Faɗin keken Yaya ke nan a santimita, daga bakin wannan ƙafa zuwa bakin waccan. Kafin in fita na buga waya wurare biyar. Duk inda na tambaya ko mai keken guragu zai iya sauka, amsar guda ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji, ku taho kawai." Ban zargi kowa da ƙarya ba. Daga baya na gane cewa abin da suka ji daban, abin da na tambaya daban. Su a wurinsu tambayar ita ce ko za a kore shi, kuma gaskiya suka faɗa, ba wanda zai kore shi.

Masauki na farko matakala uku ne a bakin ƙofarsa, an lulluɓe su da tayil mai sheƙi irin wanda ko mai ƙafa biyu sai ya yi hattara idan ya jiƙe. Na biyu yana da gangara a gefe, na yi murna da na hango ta, amma da na matsa sai na ga an yi ta ne saboda baron da ke shigar da akwatunan lemo. Tsayuwarta ta yi kama da ta allon da aka jingina da bango. Ƙa'idar da masu zanen gini suka sani ita ce, duk hawan santimita ɗaya yana buƙatar tsawon santimita goma sha biyu. Wato matakala uku masu santimita goma sha biyar-biyar suna neman gangarar da ta kai mita biyar da 'yan kai. Wannan kuwa ko mita ɗaya da rabi ba ta cika ba. Wanda ya hau ta da keke zai kife da baya, wanda ya sauko ta kuma sai dai motar da aka ajiye a gabanta ta tare shi.

Na uku shi ne ya fi ba ni haushi, saboda saura kaɗan ya yi. Babu matakala, ɗakin yana ƙasa, ƙofarsa ta wadata, gadon bai yi tudu ba. Na buɗe banɗaki na shimfiɗa tef. Santimita 60. Na sake aunawa, kamar ƙofar za ta ji kunyata ta ƙara faɗi.

Ina so in yi wa magina adalci a nan. Duk wanda ya san yadda ruwan Agusta ke malala a titunan Kano ya san dalilin da ya sa ake ɗaga harsashin gini sama da hanya. Duk wanda ya san cewa da bokiti muke wanka, kuma a banɗakin nan ake alwala sau biyar, ya san amfanin ɗan tudun da ake yi a bakin ƙofarsa don kada ruwa ya kwararo ɗaki. Ƙofar banɗaki mai ƙafa biyu kuwa ita ce ake samu a shirye wurin masu walda da kafintoci, ta fi araha, kuma da ita birkila ya saba. Babu mugunta a cikin ko ɗaya. Abin da ke akwai shi ne, a lokacin da ake zanen, da lokacin da ake aza bulo, da lokacin da ake biyan kuɗi, babu wanda ya kawo wani irin Yaya a ransa a matsayin baƙon da zai zo da jakarsa ya biya kuɗin ɗaki. Ni da na kama bene ba ni da bakin yi musu gori.

A duk wuraren nan sai da aka faɗa mini magana ɗaya, cikin fara'a da kyakkyawar niyya: "Ai ba komai, Yallaɓai, yaranmu za su ɗauke shi." Na daɗe ina juya wannan jumla. Mutumin da ke da rauni a laka ba a ɗaukarsa kamar buhun gero, ɗauka ɗaya ta ganganci tana iya mayar da shi asibiti. Wannan ke nan. Sannan akwai abin da ba a faɗa a gaban mai karɓar baƙi. Magidanci ne mai 'ya'ya shida, ya aurar da biyu. Idan buƙatar kewayawa ta kama shi da ƙarfe uku na dare, wa zai kira? Ya danna ƙararrawa, ya jira saurayin da bai kai ɗansa na fari ba ya farka daga barci ya zo ya sungume shi ya ɗora a kan masai, ya tsaya a bakin ƙofa har ya gama? Idan kuma gobara ta tashi, ko janareto ya kama da wuta, yaran nan da ake alkawari da su kowa ta kansa zai yi, kuma ba mai ganin laifinsu. Yaya ya taɓa ce mini abin da ya fi ƙi a duniya tun bayan haɗarin shi ne godiya, domin yana yin ta sau hamsin a yini a kan abubuwan da sauran mutane ke yi ba tare da sun roƙi kowa ba.

Da azahar na tsallaka gari zuwa ɓangaren Bompai da Nasarawa, inda manyan otal-otal suke, kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A ɗaya daga cikinsu na ga abin da nake nema. Gangara mai sauƙi, lifta, ɗaki mai faɗin da keke zai juya, ƙarfen dafawa a jikin bangon banɗaki, wurin wanka ba tare da tudu ba. Ashe dai an san yadda ake yi. Sai dai ɗakin ɗaya ne tak a duk ginin, akwai mai shi har ranar Asabar, kuma ko da babu kowa, kuɗin kwana uku zai cinye kusan rabin abin da za a biya Yaya. Ga kuma nisa, kullum safe da yamma sai an keta cunkoson gari kafin a kai Sharaɗa. A nan na fahimci cewa a garin nan naƙasa haraji ce. Mai lafiya yana da zaɓin kwana a inda aljihunsa ya kai, mai keke kuwa ko ya biya kuɗin attajirai ko ya yarda a ɗauke shi.

Ba rashin doka ba ne. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna musu wariya, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda kowa zai iya amfani da su. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta kuma tanadi hukunci ga jami'in da ya amince da zanen ginin da bai cika sharaɗi ba. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Amurka ta yi tata dokar tun 1990, kuma a can an ƙayyade cewa buɗin ƙofa kada ya gaza inci 32, wato kimanin santimita 81. Na ambaci dokarmu ga wani manaja, ya saurare ni da ladabi, sannan ya tambaye ni ko daga gwamnati nake. Da na ce a'a, sai fuskarsa ta saki, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne a ce a Kano ne ake wannan mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana rayuwa da wata naƙasa mai tasiri, amma mu ba ma buƙatar ƙididdiga kafin mu gani. Shan inna ta yi mana ɓarnar da ba ta yi wa wurare da yawa ba. An dakatar da rigakafinta a jihar nan a 2003, aka dawo da shi a 2004, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta bar Afirka. Yaran da ta kama a waɗancan shekaru yanzu magidanta ne da matan aure. Cikinsu akwai 'yan kasuwa da malamai da masu walda, kuma da yawa daga kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu a titunanmu, su da kansu suke ƙera su. Wasan ƙwallon guragu da ake bugawa a kan katako mai taya, Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro shi, mutumin Kano. Waɗannan mutane suna tafiya, suna zuwa gasa da taro da cin kasuwa. A ina ake zaton suna kwana?

Ina jin amsar tana cikin irin gurbin da muka daɗe da ware musu. Ƙasar Hausa ba ta taɓa jefar da naƙasassunta ba, ta ba su unguwanni da sarautu, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Amma wurin da aka tanadar musu shi ne bakin ƙofa, inda ake miƙa sadaka. Baƙo kuwa, wanda fatoma ke saukarwa a gidansa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, a tunaninmu mutum ne da ya zo da ƙafarsa daga Agadas ko Gwanja. Waɗannan hotuna biyu ba su taɓa haɗuwa a zuciyarmu ba, alhali kuwa tun muna makarantar allo muka san labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, wanda kuma aka sha bar wa riƙon garin idan an fita. Ko kalmar da muke yayi yanzu, masu buƙata ta musamman, ina da ja a kanta. Shiga banɗaki da rufe ƙofa buƙatar kowa ce, ban ga abin musamman a cikinta ba.

Kuma duk wannan a kan keke kawai nake magana, domin shi na auna. Kurman da ya yi karatu a Tudun Maliki, idan ya rufe ɗaki ya kwanta, ƙwanƙwasa ƙofa ba za ta tashe shi ba ko da gini na ci da wuta. Makaho kuma zai tarar da dogon lungu mai ƙofofi iri ɗaya, lambobinsu fenti ne da yatsa ba ya karantawa.

Na koma masauki na uku da la'asar na biya kuɗin kwana uku, na kira Yaya na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko da ƙyauren a jiki na auna. Na ce e. Ya ce in roƙi manajan ya yarda a cire shi. Manajan dattijo ne, ya yi jim, ya ce bai taɓa jin baƙon da ya nemi a rage masa ƙofa ba, amma ya aika aka kira kafinta. Da aka kwance ƙyauren muka samu ƙarin santimita huɗu. Saura biyu.

Ranar Alhamis mota ta ajiye mu a bakin get. Na tsaya sallamar direba, Yaya ya tura kekensa ya yi gaba, jakar kayan aikinsa a cinya. Sai na ji muryar maigadi, ba da tsawa ba, cikin taushi ma: "Allah ya ba da haƙuri, Malam. Ba a shiga nan." Na juyo da zafi, amma Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya ciro rasiɗin da na ba shi a mota ya miƙa. Maigadin ya duba, ya dube shi, ya cire hularsa ya mayar, ya shiga ba da haƙuri na gaske. Yaya ya ce masa ba komai, ya tambaye shi mutumin ina ne, suka taɓa 'yar hira. Da muka shiga ɗaki na ga hannunsa yana rawa a lokacin da yake zuge jaka. Bai ce komai ba. Ya ciro sifana, ya sa na tallafe shi ya koma kan gado, ya kwantar da keken, ya kwance zoben ƙarfen da ake turawa da shi na gefen hagu. Ya auna da tef ɗin tela. Santimita 63. Aka rataya zanen gado a madadin ƙyaure. Kwana uku yana tura ƙafar hagu da tafin hannu a kan tayar kanta, duk abin da ta taka a hanya yana hannunsa.

Washegari na raka shi wurin aikin, kuma a can na ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Sharaɗa ba kamar da ba ce. Ita da Challawa da Bompai sun ga zamanin da jiniyar tashi daga aiki ke cika titi da kekuna, kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta da kayan fasa-ƙwauri su rufe masaƙu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu za ka wuce dogayen katangu da ciyawa ta cinye kafin ka ji ƙarar inji. Titin ma sai a hankali. Amma muna shiga get ɗin kamfanin, Yaya ya saki jiki. Daɓen siminti ne shimfiɗe daga bakin ƙofa har ƙurya. Gangarar da ke hawa rumbun ajiya doguwa ce mai sauƙi, domin motar ɗaga kaya ba ta jure tudu. Ƙofofin kuwa tirela ma za ta iya kutsa kai. Ya yi ta yawo tsakanin injuna da hannu ɗaya, yana gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ba wanda ya tura shi, ba wanda ya gode wa. An yi lissafin buhunan ƙwayar roba da dilolin butoci, an san nauyinsu da faɗinsu, an san cewa idan suka faɗi asara ce, saboda haka aka share musu hanya. A bayansu Yaya ya samu wucewa.

Ya sa aka tayar da injin na ɗan lokaci. Ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin famfon mai, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ya matsa gaba kaɗan ya sake. Sannan ya ce a kashe, boris ne ya ci, kuma ya ja sandar ta karkace, shi ya sa duk sabon da aka sa yake mutuwa. Aikin ya ci yini biyu. Da yammacin Asabar injin ya fara zubo butoci shuɗɗa, ma'aikatan da aka ce su zauna a gida har sai an gyara suka fara kiran junansu a waya. Ofishin mai kamfanin yana saman bene, saboda haka shi ya sauko da kuɗin a ambulan, suka ƙirga a kan wani benci kusa da injin.

A daren nan muka ci tsire a ɗakinsa, iska tana kaɗa zanen da ke bakin banɗaki. Na gaya masa cewa na fara aza harsashi a filina da ke wajen Kumbotso, kuma ranar Litinin zan je in ga birkila a kan faɗin ƙofofi, tunda ba a kai linta ba. Ya tambaye ni matakala nawa aka zana a bakin ƙofar gidan. Na ce huɗu. Ya yi dariya har sai da ya ajiye tsinken.

Da safiyar Lahadi ya mayar da zoben kekensa, ya ɗaure ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke hannuwansa da sabulu har sau biyu. Manajan ya rako mu bakin mota, ya ce Allah ya sa mun ji daɗin zama, maigadi ya karɓi jakar ya sa a but da kansa. Yaya ya ce mini in rubuta lambar ɗakin in ajiye, domin wata majema a Challawa ta yi masa magana a kan watan gobe. Muna fita na waiga ta tagar lungun, na hango kafinta ya jingina ƙyauren da kafaɗarsa, yana neman ramin ƙusa ta farko.